Tare Ruwan Sama a Ƙasar Adar: Tarihin Tassa da Rabin Wata, da Darasinsu ga Birnin Tawa

Gabatarwa

Duk wanda ya bar birnin Tawa a ƙarshen damina, ko ya nufi arewa wajen Affala da Barmu, ko ya yi gabas wajen Tamaske da Keita, zai ci karo nan da can da wani abu da kakanninmu ba su sani ba a wannan siffa. A bisa faƙon da a da ko ƙarangiya ba ta fita, zai ga ramuka a jere sahu-sahu, kowane an lanƙwasa shi kamar jinjirin wata, bakinsa na fuskantar tudu. A cikin kowane rami akwai ciyawa kore ko gero ko ɗan icce, alhali ƙasar da ke tsakaninsu tana nan ja, a ƙeƙashe. Manoma na kiran wannan aiki rabin wata, ƙaninsa kuma shi ne tassa.

A ƴan shekarun nan, masana tsara birane a Amurka da Turai da Sin sun duƙufa a kan wata dabara ta magance ambaliya da za mu iya kira magudana mai ciyawa. Maimakon lambatun siminti mai zurfi da ke kwashe ruwa a guje, sai a yi kwari mai faɗi marar zurfi a gefen titi, a shuka masa ciyawa da itatuwa, domin ruwan sama ya tafi sannu a hankali, ya ajiye dattinsa, ƙasa kuma ta sha rabonta. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Adar. Fiye da shekara arba'in ke nan ana gwada shi a gonakinmu, an yi kuskure, an gyara, an kuma ci riba. Tarihin wannan gwaji yana ɗauke da darasin da birnin Tawa ke bukata, wato cewa haƙa rami abu ne mai sauƙi, amma ramin da ba shi da mai shi ba ya kai damina uku.

Ƙasar Adar da halin ruwanta

Adar ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka. A sama akwai shimfiɗaɗɗun tuddai masu tsakuwa da marmara, daga nan sai gangare mai tsauri, sannan faƙo mai ɗan karkata, a ƙasa kuma fadama inda laka ke taruwa. Manyan kwaruruka irin na Keita da Badagishiri da Majiya su ne rumbun ƙasar tun fil azal. Yayin da aka nufi arewa wajen Affala, duwatsu na raguwa, jigawa na ƙaruwa, har a isa iyakar da noman gero ke miƙa wuya ga kiwo. Tarihin siyasar ƙasar, kamar yadda Farfesa Djibo Hamani ya bayyana a littafinsa na 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa, ya haɗa Azna ƴan ƙasa da sarautar Kabi da ta Agadas, wadda rundunarta a ƙarƙashin Agabba ta karɓe Adar a 1674, da kuma ƙungiyoyin Abzinawa. Duk waɗanda suka mallaki ƙasar sun san abu guda: arzikinta na cikin kwari, kwarin kuma yana rayuwa ne da ruwan da ya gangaro daga tudu.

Ruwan da ke sauka a kewayen Tawa a shekara bai cika wuce milimita 350 zuwa 400 ba, kuma kusan dukkansa yana zuwa ne tsakanin Yuni da Satumba, a cikin ƴan manyan hadura. Sai dai kada mai karatu ya raina wannan adadi. Milimita ɗaya ta ruwa a kan hekta ɗaya daidai take da lita 10,000. Ke nan hadari guda mai milimita 30 yana zuba lita 300,000 a kan hekta ɗaya, sau da yawa cikin ƙasa da awa guda. Matsalar Adar ba ƙarancin ruwa kaɗai ba ce, har da saurin tafiyarsa. Idan ƙasa na da ciyawa da saiwoyi da ramukan gara, sai ta sha. Idan kuwa tsirara take, ɗigon ruwa na farfasa ƙurarta, ƙurar ta toshe ƙofofin ƙasa, a sami ɓawo mai tauri kamar daɓe. A kan irin wannan ɓawo, fiye da rabin ruwan babban hadari kan iya malalewa ba tare da ya jiƙa ko taki guda ba.

Manoman Adar na da can ba su jahilci wannan ba. Sukan jera duwatsun da suka tsince daga gona a kwance da gangare, sukan bar layin gamba a kan iyaka, sukan shimfiɗa karan gero da rassa a inda ƙasa ta fara yin sanƙo domin gara ta huda ta. Amma babbar kariyar ƙasa a wancan zamani ita ce ƙarancin jama'a da yalwar daji. Ana barin gona saura ta huta shekaru, tudu kuma yana rufe da geza da sabara.

Yadda ƙasa ta koma faƙo

Ƙarni na ashirin ya sauya wannan ma'auni. Jama'a ta ninka, saura ta gajarta har ta ɓace, gatari ya hau tudu neman itacen girki da na gini. A kan haka fari ya yi ta sara: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farar dango ta 1931, sannan dogon farin da ya fara a 1968 ya kai maƙura a 1973 da 1974. Kafin ƙasa ta farfaɗo sai ga na 1984, wanda mutanen Nijar suka laƙaba wa El-Buhari, saboda ya zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, hanyar hatsi ta toshe. Itatuwa sun mutu a tsaye, dabbobi sun ƙare, maza majiya ƙarfi sun watse biɗa zuwa Kano da Ikko da Abijan.

A nan ne masana ruwa suka lura da wani abin mamaki a faɗin Sahel: ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke gudu a ƙoramu ya ƙaru. Dalili kuwa shi ne ƙasa ta rasa rigarta. Ruwan da a da yake tsayawa a tudu ya ciyar da rijiyoyi, yanzu yana gangarowa gaba ɗaya. Idan gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin bugunsa yana ninkawa huɗu, saboda haka ƙoramar da a da take bazuwa a fadama ta bar laka, sai ta koma tana haƙa wa kanta kwazazzabo. Da zarar kwazazzabo ya yi zurfi, ruwa ba ya ƙara fita ya shayar da gefensa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ma ya bi shi ya tsiyaye. Haka fadama ke mutuwa da ƙishirwa alhali ruwa na wucewa ta tsakiyarta.

Gyaran farko

Ba a jira farin 1984 ba kafin a fara neman magani. Tun shekarun 1960 masana daga Faransa suka yi awon zaizayar ƙasa a Allokoto cikin kwarin Majiya, aka kuma gina madatsun ruwa, irin ta Ibohamane kusa da Keita, domin noman rani. Madatsun sun yi amfani, amma sun gamu da abokin gabar da ba a shirya masa ba: laka da rairayin da ke gangarowa daga tuddan da ba a kula da su ba sun yi ta cika cikinsu, suna rage ruwan da za su iya riƙewa. An tare ruwa a ƙasa, an manta da inda yake tasowa.

Wani darasin ya zo daga maƙwabta. A yankin Yatenga na ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, tsakanin 1962 da 1965, wani babban shiri ya sa manyan injuna suka ja kunyoyin ƙasa a kan hekta kusan 120,000. Ba a shawarci masu gonaki ba, ba su kuma ɗauki aikin a matsayin nasu ba. Cikin ƴan shekaru kunyoyin suka farfashe, a wasu wuraren ma ɓarakar ta haifi sabon kwazazzabo. Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, to amma a nan waɗanda suka ɗebo sun koma gida, manomi aka bari da zafin.

Abin da ya fi karɓuwa a wancan zamani shi ne aikin da ƙungiyar CARE ta fara a kwarin Majiya a 1975, inda aka shuka layukan bedi bibbiyu domin tare iska. Manoma sun ga amfanin gonarsu ya ƙaru a bayan layukan, sun kuma sami itace. Nan aka fara gane cewa abu mai rai ya fi tulin ƙasa daɗewa, domin shi yana gyara kansa, kuma yana biyan mai kula da shi.

Aikin Keita

A watan Mayu na 1984, gwamnatin Janar Seyni Kunce ta kira babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. A cikin wannan shekara ce aka buɗe aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, da jagorancin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, a ƙarƙashin wani masani ɗan Italiya mai suna Renato Carucci. Hukumar PAM kuma ta ba da abincin da ake biyan ma'aikata da shi. Sabon abu a tsarin Keita shi ne an ɗauki kwari gaba ɗayansa, daga kan dutse har fadama, aka ba kowane mataki maganinsa.

A bisa tudu, tarakta ta tsaga ƙasa mai tauri, aka yi dogayen kunyoyi masu fikafikai biyu, aka lulluɓe su da duwatsu, aka shuka itatuwa a jikinsu. A gangare mai tsauri inda inji ba ya hawa, aka haƙa ramuka da hannu, kowane kamar mita uku a tsawo, a kwance da gangaren, da icce a tsakiyarsa. A cikin ƙoramu aka gina shingayen duwatsu cikin ragar waya domin karya gudun ruwa, a fadama kuma aka yi madatsu da shingayen baza ruwa. Manufar ita ce kada a bar ɗigon ruwa ya yi doguwar tafiya bai gamu da abin da zai tsayar da shi ba. Tsakanin 1984 da 2002 an farfaɗo da hekta kimanin 34,000, an kuma shuka itatuwa kusan miliyan 18, irin su bagaruwa da ɗakwara da farar ƙaya.

Tarihi ba zai yi adalci ba idan bai faɗi waɗanda suka ɗauki duwatsun ba. Da yake maza sun tafi biɗa, mafi yawan ma'aikatan Keita mata ne. Su suka fasa marmara da diga, su suka yi dakon dutse a ka a cikin zafin bazara, a madadin ɗan hatsi da mai da za a kai wa yara. Duk iccen da ke tsaye a duwatsun Keita a yau, akwai gumin wata mace a gindinsa.

Duk da haka, aikin Keita yana da iyakarsa. Ya dogara da injuna da motoci da kuɗin waje, abin da ƙauye ba zai iya maimaitawa da kansa ba. Haka kuma tudun da aka gyara galibi makiyaya ce ta kowa da kowa. Da ya koma kore, sai tambayoyi suka taso: wa zai noma, wa zai yi kiwo, wa zai sare icce, wa kuma zai toshe kunya idan ta ɓalle? Inda aka sami amsa, aikin ya rayu. Inda ba a samu ba, ya soma komawa gidan jiya.

Tassa da rabin wata

Amsa mafi sauƙi ta fito ne daga Illela, kudu da Tawa. A can asusun raya noma na duniya, FIDA, yana da wani shiri na kare ƙasa. A 1989 shirin ya kai manoma 13 ziyara Yatenga, inda suka ga yadda manoma irin su Yacouba Sawadogo suka inganta tsohuwar dabarar haƙa ramin shuka, suka faɗaɗa shi, suka zuba masa taki. Da suka dawo, wasunsu suka gwada a kan hekta huɗu kacal. A shekara ta gaba aka kai hekta 70. Daminar 1990 ba ta yi kyau ba, kuma jama'a suka gani da idonsu cewa gonakin da ke da ramuka ne kaɗai suka ba da abin kirki. Daga nan ba a ƙara bukatar mai wa'azi ba. Zuwa 1998 an farfaɗo da hekta kusan 9,000 a yankin Illela, mafi yawansu da hannun masu gonakin.

Tassa rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30, da zurfi kamar taki guda, ana tara ƙasar da aka fitar a gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Hekta guda na ɗaukar ramuka wajen 10,000. Takin yana jawo gara, gara ta huda ƙasa, ruwa ya bi hanyoyinta ya nutse. Rabin wata kuwa ya fi girma, faɗinsa na kai mita biyu zuwa huɗu, ana jera su a sarƙe yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa a na ƙasa. Faƙon da ke tsakani ba asara ba ne, shi ne rufin da ke tara wa shuka ruwa. Don gano layin da ba hawa ba gangara, manoma sun koyi awo da tiyo mai ruwa a ciki da sanduna biyu, kayan da ba su fi ƙarfin talaka ba.

Abu biyu suka biyo baya da babu wanda ya tsara su. Na farko, faƙo ya yi daraja: mutane suka shiga sayen ƙasar da a da ba a karɓarta ko kyauta, matasa kuma suka mai da haƙan tassa sana'ar rani. Na biyu, rijiyoyi suka amsa. A ƙauyen Batodi na yankin Illela, masu bincike irin su Chris Reij sun ba da rahoton cewa ruwan rijiya da ake samu a zurfin mita 18 ya taso zuwa mita huɗu cikin kamar shekara goma, har mata suka kafa lambunan kayan miya. A kewayen Tawa kanta, shirin raya karkara na PDRT da Jamus ta tallafa ta hannun GTZ ya yaɗa jerin duwatsu da tassa da rabin wata, aka kuma gina shingayen baza ruwa a kwaruruka, waɗanda ke tilasta wa ƙorama ta fita daga raminta ta shayar da fadama kamar da. Dokar karkara ta 1993 ta taimaka wajen tabbatar wa manomi cewa ƙasar da ya raya ba za a ƙwace masa ba.

Bambancin Illela da Yatengar 1962 ba a siffar rami yake ba. A wancan, an yi wa manomi aiki a gonarsa. A wannan, shi ya haƙa, shi ya girbe, shi kuma yake yashe ramin kowace bazara, ba don tsoron hukuma ba sai don rumbunsa.

Abin da biranen duniya suka gano

A daidai shekarun da Adar ke wannan gwagwarmaya, wasu birane masu arziki suna gano cewa sun mai da kansu faƙo da hannunsu. Kwalta da siminti da kwanon rufi ba sa shan ruwa, kamar dai ɓawon tudun Keita. Fiye da shekara ɗari injiniyoyi suna bin ƙa'ida guda, wato a kwashe ruwa daga gari da gaggawa ta bututu da lambatu. Sakamakon shi ne ambaliya ga na ƙasa, da gurɓatar koguna, da bushewar rijiyoyi.

A 1975, a garin Davis na jihar Kalifoniya, Michael da Judy Corbett suka fara gina wata unguwa mai suna Village Homes, inda ruwan rufi da na titi ke bin kwaruruka masu ciyawa da itatuwan marmari maimakon bututu. Hukumomi sun yi shakkar tsarin da farko, amma ya yi aiki. A farkon shekarun 1990, ƙaramar hukumar Prince George's a jihar Maryland ta mai da wannan tunani tsari mai ƙa'idoji, wanda manufarsa ita ce ginin gari kada ya sauya yadda ƙasa ke shan ruwanta. A 2001 birnin Seattle ya sake fasalin wani ɗan titi, ya rage faɗinsa, ya yi masa magudanai masu tsirrai a gefe, awon da aka yi kuma ya nuna ruwan da ke fita daga titin ya ragu da kusan kashi 99 cikin 100. A 2015 ƙasar Sin ta zaɓi birane 16 domin gwajin abin da ta kira birni mai kama da soso.

Aikin da ciyawa ke yi a waɗannan magudanai shi ne wanda gamba ke yi a iyakar gona. Karanta na rage gudun ruwa, ruwan da ya lafa yana sauke laka da datti, saiwoyi na riƙe ƙasa suna kuma buɗe mata ƙofofi. Idan wurin na da gangare, sai a gitta ƴan shingayen dutse, kamar yadda aka yi a ƙoramun Keita. Sai dai dabarar ba ta da siddabaru. A watan Yuli na 2021, ruwa fiye da milimita 200 ya sauka cikin awa guda a birnin Zhengzhou na Sin, ɗaya daga cikin biranen da suka kashe kuɗi a kan wannan tsari, aka yi mummunar ambaliya. Magudana mai ciyawa tana shanye ƙanana da matsakaitan hadura, tana rage kaifin manya, amma ba ta halatta wa kowa gina gida a hanyar ruwa.

Darasi ga birnin Tawa

Yanzu damina ta dawo Sahel, amma da wani hali dabam. Wani bincike da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani sun ninka uku a yankin tun daga 1982. A daminar 2024, ambaliya ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, tsohon masallacin Birni a Damagaram ya rushe, jahar Tawa kuma tana cikin waɗanda suka fi yin makoki. Ga shi birnin Tawa yana faɗaɗa, kowane sabon rufin kwano da kowane titi na ƙara faƙo. Rufi mai murabba'in mita 100 yana zubar da lita 35,000 a shekarar da aka sami milimita 350. A watan Agusta muna roƙon wannan ruwa ya fita daga gari, a watan Afrilu kuma muna bin layi da jarkoki, alhali ruwan famfo daga zurfin ɗaruruwan mita ake jawo shi.

Ba ana cewa a rushe lambatu ba ne. A tsakiyar gari inda gidaje suka cunkushe, babu makawa sai da shi. Amma lambatun siminti yana da tsada, rairayi da leda na toshe shi, kuma ko ya yi aiki, matsalar kawai yake kai wa unguwar da ke ƙasa. Tarihin Adar ya koya mana a fara daga sama: a tare ruwa a tuddan da ke bayan gari da rabin wata da jerin duwatsu, sannan a sababbin unguwanni a ware wa ruwa hanyarsa tun ranar rabon filaye, a yi kwaruruka masu faɗi a gefen manyan tituna da harabar makarantu da asibitoci da filayen idi.

Akwai ƙorafe-ƙorafe na gaskiya da ya wajaba a amsa. Na farko sauro. Tsutsar sauro na bukatar kusan mako guda a cikin ruwa kafin ta tashi, magudanar da aka yi daidai kuwa tana tsotse ruwanta cikin kwana ɗaya ko biyu, saboda haka dole a gwada shan ƙasa kafin a haƙa, a guje wa wurin da yumɓu ya yi yawa. Toshasshen lambatu shi ne ainihin gidan sauro. Na biyu, gidajen ƙasa: danshi na cin gindin katanga, don haka sai a nisanta magudana daga gini da masai da rijiyar sha. Na uku, rani da awaki. Ciyawar da Turawa ke shayarwa duk shekara ba tamu ba ce. Namu su ne gamba da kyasuwa, waɗanda ko sun bushe saiwar gamba na nan da rai, tare da itatuwa masu jure fari irin su aduwa da magarya da bagaruwa, waɗanda ke bukatar kariya a shekarunsu na farko.

Ƙorafi na huɗu shi ne mafi girma, kuma shi ne wanda Yatenga da Keita da Illela suka riga suka amsa: wa zai kula? Magudanar da aka bar wa kowa, cikin damina biyu za ta koma juji. To amma a Tawa ciyawa kuɗi ce. Garin da ake turke raguna domin layya, ake sayar da ciyawa da harawa dami-dami a bakin kasuwa, ba zai rasa wanda zai so yankan gamba a ƙofar gidansa ba. Idan hukumar gari ta damƙa kowane yanki na magudana ga wani gida ko ƙungiyar mata ko makaranta, a rubuce, da sharaɗin yashe rairayi da tsince leda, ciyawar da ƴaƴan itacen kuma su zama nasu, to an maimaita sirrin tassa a cikin birni.

Kammalawa

Masu haƙan rabin wata a ƙauyukan Affala da Illela da Keita sun san yadda ake karanta gangare, sun san inda ruwa zai bi tun hadari bai taso ba. Da yawansu suna shigowa Tawa cin rani, suna tura kura ko dakon bulo, babu mai tambayarsu abin da suka sani. Jami'ar Tawa, wadda ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, da injiniyoyin ma'aikatun gari, suna da awo da lissafin da manomi ba shi da su. Idan aka zaunar da waɗannan da waɗancan a kan titi guda, aka gwada a damina guda, aka auna ruwan da ya fita kafin aiki da bayansa, jama'a za su yanke hukunci da idonsu kamar yadda suka yi a Illela a 1990. A can ma da hekta huɗu aka fara.